Naushi Ɗaya, Kashi 24

Ƙanena ne ya rantse mini cewa Love Hina zai sa in yi dariya har cikina ya ƙulle. Katun ne na Japan, irin wanda suke kira anime, an yi shi a 2000 daga littafin zane na Ken Akamatsu. Na zuba data, na sauke kashi 24 ɗin nan kaf a kwamfuta, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Labarin wani bawan Allah ne, Keitaro, wanda ya faɗi jarrabawar shiga Jami'ar Tokiyo har sau biyu. Ya nufi masaukin kakarsa, Hinata, ashe an mai da wurin gidan kwanan 'yan mata, aka wayi gari shi ne manaja.

Sai ya yi tuntuɓe ya faɗa kan wata Naru. Kafin ya ce "tsaya ki ji", ta kirɓa masa naushi, ya lula sama har ya zama ɗigon tauraro, ƙyal! Na dara. A kashi na gaba ya sake tuntuɓe, ya sake lulawa. Ya buɗe ƙofar da bai kamata ba, ya lula. In Naru ta gaji, wata Motoko ta karɓa da takobi. Gidan da har kunkuru mai tashi sama suna da shi, amma an rasa wanda zai sayo sakata. Kuma ba mai barin wani ya ƙarasa magana, don da an saurari yaron nan na minti ɗaya, da fim ɗin ya ƙare tun a kashi na biyu.

Ga kuma haɓo. Mu nan sai bazara ta yi bazara hanci yake zubar da jini, a nemo ruwan randa a zuba wa mutum a ka. Su can, da saurayi ya ga kyakkyawa sai hancinsa ya ɓalle.

Ana cikin haka Kawu ya yi sallama, ya zauna gefena yana gyara hula. Ya kalli naushi biyu, ya girgiza kai.

"Wai shi wannan yaron ba shi da iyaye ne?"

"Kawu, wasan barkwanci ne."

"To ina barkwancin?"

Ina laluben amsa sai ga tururi ya cika allon. Na riga na san tururin nan: tafkin ruwan zafi ne, wurin wankan 'yan matan, kuma tawul ɗinsu ba abin dogaro ba ne. Na kai hannu in kashe, sai na ƙure sauti. Na zabura in rufe kwamfutar, wayar caji ta harɗe mini ƙafa, na tafi luuu, na faɗa da hannu biyu cikin robar ƙullun kokon Yaya, wanda ta wuni tana tacewa.

"Yaya, tsaya ki ji..."

Muciya ta sauka a gadon bayana. Ban ga kaina a sama ba, ina nan durƙushe, ƙullu har gwiwar hannu, Jafanawa suna ta ihu daga kwamfuta. Kawu kuwa dariya yake yi har da riƙe ciki, hularsa a ƙasa. Da ya samu numfashi ya goge hawaye ya ce da Yaya, "Ƙara masa ɗaya, ban ga na farkon da kyau ba."