Gemun da Aka Sadaukar

A shekarar 1968, bayan da Sanata Eugene McCarthy ya ƙuduri aniyar ƙwace tutar jam'iyyar Dimokurat daga hannun Shugaba Johnson saboda yaƙin Biyetnam, ɗaliban Amurka, waɗanda nasihar iyaye da wa'azin malamai suka gaza raba su da gemu da gizo, sai ga su gaban wanzami bisa raɗin kansu, ba sisi ba kwabo, domin kada in sun je neman masa ƙuri'a, dattawan jihar New Hampshire su leƙo ta taga cikin hunturu su zaci mahaukata ke sallama. Ranar 12 ga Maris gwaninsu ya sami kashi 42 cikin ɗari a zaɓen fid da gwani na jihar, Johnson kuma ya janye kafin watan ya ƙare. Takarar kuwa, ƙaddara ta miƙa ta ga Mataimakin Shugaba Humphrey, wanda bai shiga zaɓen fid da gwani ko ɗaya ba.