A Bar Mana Hoton Iskarmu Yadda Yake

Madalla da Dennis Gabor, mutumin Hangari da ya ƙago hologiram a Ingila a 1947, har aka ba shi kyautar Nobel a 1971. Hoto ne na haske zalla: ka ga abu tsaye da kaurinsa, ka kai hannu ka damƙi iska.

Wai masana na kukan wanda ake nunawa a allo yana da aibi. Sai wanda ya tsaya daidai saitin allon ke ganinsa. Ka ɗan gusa, ya ɓace, domin ɗige-ɗigen allon ba su ƙanƙance yadda za su watsa haske gefe da gefe ba. A 2020 injiniyoyin Samsung suka sanar cewa sun faɗaɗa kusurwar kallon ninki 30.

Bayin Allah, da sun tambaye mu! Abin da suke kira aibi, a nan shi ne gwaninta.

Su zo ƙasar Funtua ranar ƙaddamar da rabon taki. Ga rumfa, ga buhuna an jera kamar dalar gyaɗa, ga taraktoci sun sha wanka, mai kyamara kuma ya san inda zai kafa ƙafa. Daga nan, wallahi, sai ka rantse yunwa ta yi hijira. Washegari manomi ya zo da amalankensa, ya tarar da fili fayau, sai ledojin ruwa. Wane Samsung! Namu ko wutar lantarki ba ya buƙata.

A zamanin kamfanin auduga na BCGA ana fama da ƙauyanci: sai an ɗora auduga a sikeli, an gurje ta, jirgin ƙasa ya yi nishi ya kwashe. Kaya mai nauyi, mai ƙura. Na yau kuwa ba ya cin wuri a rumbu, gara ba ta taɓa shi, ɓarawo ma sai dai ya kalla.

Saboda haka, malaman kimiyya, don girman Allah ku dakata. In kuka faɗaɗa kusurwar nan, mutumin Malumfashi zai hango bayan rumfa, ya ga mai taraktocin yana jiran kuɗin hayarsa.

Saura ku ƙago mana masarar da ke cin hoto, domin tamu har yau taki take nema.