Yadda Baƙo Zai Ci Bikin Argungu Har Ya Koma Gida da Tsaraba

Duk wanda ya ɗaura niyyar zuwa bikin kamun kifi na Argungu, shirinsa na farko ya rage karin kumallo, na biyu ya bar farar shaddarsa a masauki. Bakin kogin Matan Fada, inda ake kamun, wuri ne na taɓo da ƙura da man kifi, kuma wanki ɗaya ba ya fitar da su.

Daga nan sai ya haddace ɗan tarihi, domin mai suya ya fi sakin hannu ga wanda ya san garinsu. A 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa, Sarki Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin kamun kifi. A 2016 UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya. Baƙon da ya jero waɗannan a gaban kasko yana iya samun gyara. In kuwa Bakatsine ne, ya zo da haƙuri buhu guda, don abokan wasansa Kabawa sun daɗe suna jiransa.

Ranar babban kamu shawara ɗaya ce: ya tsaya a tudu. Da an harba bindiga, dubban masunta ke kwararowa cikin ruwa a guje, kowa da homa a hannu da ƙatuwar gora, makaɗa na bin su a kwalekwale suna zuga su. Wannan gora ba ta fura ba ce. A kanta masunci yake kwanciya ya yi iyo, a cikinta yake zuba abin da ya kama. Kamar awa guda ake yi, sai a kai manyan kifaye sikeli. A 2020, da aka dawo da bikin bayan kusan shekara 10 ba a yi ba, wanda ya zo na ɗaya kilo 78 ya yi, wato ya ɗara buhun siminti ɗaya da rabi. Baƙo ya yi kabbara, ya ɗauki hoto, amma kada ya taya, don babu tukunyar da za ta ɗauke shi a gidansu.

Ya kamata ya san dalilin wannan girma. Duk shekara ba a su a wannan yanki na kogin, Sarkin Ruwa da mutanensa na tsare da shi, sai ranar biki ake buɗewa. Kifin da aka ƙyale wata da watanni yana ci yana hutawa dole ya yi jiki. Tsari ne mai kyau ƙwarai, kuma ya fi kyautar mota da ake ba gwani cancantar tafi.

Sai batun ciki, wanda shi ya kawo shi. Kada ya nuna da yatsa ya ce "wancan". Ya kira kowane da sunansa: giwan ruwa mai farar tsoka, tarwaɗa mai gashin baki, karfasa, ragon ruwa, ƙurungu mai ƙaya. Ya ce "sannu da aiki, Baba", ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya taya. Soyayye da yaji a nan take ake cinsa, da hannu, ana duba ƙaya kafin a duba waya. Wanda ƙaya ta maƙale masa ana tsakiyar kallon kokawar bikin, shi kaɗai zai yi tasa.

Kada kuma kifi ya mantar da shi shinkafa. Fadamar Argungu gidanta ce, kuma a baje kolin amfanin gona na bikin manoma ke kawo abin da suka noma. Ya zaga, ya damƙa, ya shinshina, ya saya daga hannun mai ita. Tuwon shinkafa da miyar kifi a bakin kogin da aka kamo shi ya isa a yi masa tafiyar kwana.

In rana ta yi sanyi ya leƙa gidan tarihin Kanta, sannan ya nufi masu banda. Kifin da ya sha hayaƙi ya bushe sosai shi ke jure hanyar Kano ko Kaduna. Ya sa a naɗe masa a takarda ninki biyu, a cusa a kwali, a ɗaure da igiya, ya kuma ware ƙunshi ɗaya na direba, domin tun kafin a kai Sakkwato duk motar ta san abin da ke cikin but.