Yadda Ake Ɗaukar Hoton Faifai Kafin Sabuntawa Ta Yi Ɓarna

Duk wanda ya taɓa sabunta manhajojin Linux da daddare, gari ya waye kwamfuta ta tarbe shi da baƙin allo, ya riga ya san amfanin hoton faifai. Ya ji a jikinsa. Don haka babu batun koya masa buɗe tagar umarni.

Shawara ta farko: kada ya dogara da tunaninsa. Ranar da ya manta bai ɗauki hoto ba, ranar ce kanel sabuwa za ta ƙi tashi. Ya bar wa na'ura aikin. Tun 2014 openSUSE ta ɗora tsarinta kan Btrfs, kuma Snapper na ɗaukar hoto biyu, ɗaya kafin zypper, mai sabunta manhajoji, ya taɓa komai, ɗaya bayan ya gama. Masu Arch suna da snap-pac. Linux Mint ta shigo da Timeshift a 2017, amma shi agogo yake bi, sai an ƙara masa wani ɗan rubutu kafin ya kula da lokacin sabuntawa.

Ta biyu ba ta da tsawo. Btrfs ba ya kwafar fayiloli, tsohon bayani yake bari a wurinsa ya rubuta sabo a gefe, shi ya sa hoton ke fita kafin ƙiftawar ido.

Ta uku kuwa, /boot, nan ne ran mutum ke ɓaci. Bawan Allah ya bi duk ƙa'ida, hotunansa reras, matsala ta zo ya koma na jiya. Ashe kanel tana zaune a wani ɓangare na faifai da hoton bai taɓa leƙawa ba. Tsarin ya koma jiya, kanel ta tsaya a yau, tana neman direbobinta ba ta same su ba. Ba intanet, wani sa'in ma allon madannai ya yi shiru. To da me zai nemi mafita, wayar da cajinta ya kusa ƙarewa? Abin takaicin shi ne jagororin girkawa da yawa sukan tsallake wannan magana, alhali ita ce ke raba mai kwana lafiya da mai kwana zaune.

Ta huɗu ita ce cikar faifai. Mutum ya goge manyan fayiloli, wuri bai ƙaru ba, domin tsoffin hotuna na riƙe da su. Masu Ubuntu 20.04 da suka gwada ZFS da zsys sun sha wannan: hotuna suka yi ta taruwa har ƙaramin rumbun tashi ya cika. A sa iyaka, haba! Snapper na da wurin ƙayyade adadin da zai ajiye.

Kuma hoton yana kan faifai ɗaya da abin da yake karewa. Faifan ya mutu, sun tafi tare, galibi ma babu /home a ciki tun farko.

Sauran shawarwarin su jira. Mai karatu ya sake kunna kwamfutarsa yau, ya zaɓi tsohon hoto daga jerin GRUB idan tsarinsa na nuna su a can, ya tabbatar da idonsa cewa tana tashi.