Mura, Firiza da Biskit ɗin Uwargida

Idan watan Disamba ya kama a Amurka, wani irin zazzaɓin gashin biskit ke kama mutane. A benen da muke haya a Silver Spring, nan gefen Washington ta ɓangaren Maryland, maƙwabta kan taru a zauren ƙasa, kowane gida ya kawo tiren biskit ɗinsa, a yi musanye, ka tafi da na wasu su tafi da naka. Uwargida ce ke wakiltar gidanmu, kuma ta yi suna, har akwai wata tsohuwa Baturiya a hawa na uku da ke tare ta a lif tun watan Nuwamba tana tambayar me za a samu bana. To bana sai bikin ƙanwarta ya faɗo a Kano. Na kai ta filin jirgin Dulles, na dawo gida da yara biyu, da firiza cike, da kuma murar da ta toshe mini hanci ruf, ko turaren wuta aka kunna a gabana ba na ji. Ina roƙon mai karatu ya riƙe maganar murar nan, domin ita ce lauyata.

Kafin ta tafi ta tsayar da ni gaban firiza ta ce, "Baban yara, na gama komai. Naka kawai ka yanka ka gasa. Na rubuta maka a takarda, ga ta nan a jikin firji." Ta riga ta buga bota da sukari, ta zuba ƙwai da fulawa, ta raba kwaɓin kashi-kashi, ta mulmula kowane kashi ya yi tsawo da kauri kamar guntun rake, ta naɗe a takarda ta daskarar. Akwai mai ɓawon lemon tsami, akwai mai citta da kanumfari, akwai mai kwakwa, akwai mai cakulan. Dabarar tsohuwa ce a ƙasar nan: ta bazu ne a shekarun 1930, lokacin da firji mai lantarki ya fara shiga gidaje, matan gida suka gane cewa za su iya kwaɓawa yau su gasa ranar da baƙo ya faɗo. Daga baya, a shekarun 1950, kamfanin Pillsbury ya fara sayar da irinsa a kanti, a shirye. Uwargida ba ta sayen na kanti. Ko ruwan banila na kwalba ba ta sawa, tunda ta ji dokar ƙasar ta ce sai ya kai kashi 35 cikin ɗari na barasa kafin a kira shi tsantsa. Garin banila take nema.

A kwanakin farko ban ko kalli biskit ba, ina fama da ciyar da yara. Na tuƙa tuwon semo, na kaɗa miyar kuka da kayan da ta bari, na zauna ina jiran yabo. 'Yar autata ta ɗanɗana, ta dubi wanta, ta ce, "Abba, miyar nan ta yi wani iri." Na ajiye cokali na yi musu wa'azi mai tsawo a kan yaran da aka haifa a Turai, waɗanda fiza ta kashe wa harshe har ba su san miyar iyayensu ba. Na cinye tawa, na ƙara, don su ga misali.

Ranar taron, bayan azahar, na fito da sandunan kwaɓin na karanta takarda. Ta ce a kunna obin a kan 350. Na yi dariya. Ni da na yi kimiyya a sakandare, na san ruwa yana tafasa a 100, na kuma san a gida ana gasa kek a wajen 180. A 350 ai sai dai a narka dalma. Na yanke hukuncin cewa gaggawar shirin tafiya ce ta sa hannunta ya zame, na gyara mata kuskurenta cikin mutunci, na murɗa obin zuwa 180.

A nan ne nake da ƙorafi a kan ƙasa sukutum. Kusan duk duniya ta koma ma'aunin Salshiyos, Amurka ta rungume na Farenhait, wanda wani masani mai wannan suna ya fito da shi tun 1724, ta ƙi saki. A ma'auninsu ruwa sai ya kai 212 yake tafasa, 350 ɗinsu kuwa bai wuce 177 namu ba. Ashe 180 ɗin da na sa ko ruwan shayi ba zai tafasa ba. Su ne fa mutanen da ke auna bota da sanda, sanda ɗaya giram 113, fulawa kuma da kofi, kaurin yanka da kwatan inci. Mutum ya zo da iliminsa, su mai da shi ɗan aji ɗaya.

Hikimar daskarar da kwaɓin ita ce botar ta shiga wuta da sanyinta, zafi mai ƙarfi ya kama fulawa da ƙwai su tsaya da ƙafarsu kafin ita ta narke ta gudu. A ɗumi-ɗumin da na ba su, botar ce ta samu sarari. Na leƙa ta gilashi na ga 'yan da'irorin masu kwakwa suna miƙe ƙafa, kowanne na neman ɗan'uwansa, har suka haɗe suka zama faifai guda mai iyo cikin mai. Na kankare shi na tura can ƙasan kwandon shara, na rufe da ɓawon ayaba saboda 'yan rahoto.

Na koma kan 350, ba don na yarda ba, sai don a zauna lafiya. Masu lemon tsami suka fito cikin minti goma sha biyu, gefensu ya yi ja-ja, gwanin kyau. Masu citta ma haka. Kaina ya fara girma. Na jawo sanda ta ƙarshe, mai duhu, wadda ba makawa ita ce cakulan. Ta ɗan yi gardama a wuƙa, tana marmashewa, ga wasu 'yan ƙwayoyi a ciki da jajayen ɗigo-ɗigo. Na ce lallai uwargida ta ci gaba, har gyaɗa da busassun 'ya'yan itace ta sa. Na jera su, na yayyafa musu sukari don ƙarin armashi, na tura.

Minti goma sha biyu suka cika ba su nuna alamar komai ba, na ƙara musu lokaci. Ɗana ya fito daga ɗaki ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci, ya ce, "Abba, wani abu ya mutu a kicin?" Na kore shi. Sai na'urar hayaƙi da ke rufin ɗaki ta ɓarke da ihu. Ga wanda bai san ta ba, ba ta da girma, amma muryarta ta ishi unguwa. Na hau kujera ina yi mata fifita da sallaya, yara suka wangale tagogi, iskar Disamba ta shigo ta same ni daga ni sai singileti. Da na buɗe ƙofa don hayaƙin ya fita, na tarar da maƙwabcinmu Bahabashe a tsaye, ya toshe hanci da hularsa, yana tambaya ko bututun bayan gida ne ya fashe a wajenmu, don shi ma warin ya shigo masa. Na ce masa ni ban ji komai ba, kuma gaskiya na faɗa.

Da magariba na sa babbar riga na sauka zaure da tire biyu. Masu duhun sun ɗan ƙone a gefe, amma cakulan ai dama baƙi ne. Na lura mutane na matsawa daga teburin da na ajiye su, na ɗauka girmamawa ce. Tsohuwar hawa na uku ce ta fara zuwa, da murmushinta, ta ɗauki ɗaya ta gatsa. Ta daina tauna. Idanunta suka kawo ruwa, kunnuwanta suka yi ja. Turawan nan akwai kara a baki: da ta samu numfashi sai ta ce ita dai a tsawon rayuwarta ba ta taɓa haɗuwa da irin wannan ɗanɗano ba, ko na gargajiya ne? Na ce ƙwarai, a wajenmu sai manyan baƙi ake yi wa. Ta naɗe sauran a tishu ta ce za ta adana.

Can sai ga wani dattijo ɗan Gana da ke hawa na biyar, haifaffen Zangon Kumasi, wanda muke gaisawa da Hausa. Tun daga bakin ƙofa ya ɗaga hanci sama yana shinshina, fuskarsa ta washe. Ya bi ƙamshin har gaban tirena, ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya dube ni.

"Alhaji, wa ya gasa dawadawa?"

Na ce cakulan ne. Ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Uwata sana'arta ke nan. Kalwar ɗorawa ce wannan, an dafa an rufe ta kwana biyu-uku ta ruɓa, ga attaruhu nan an kirɓa a ciki." Ya yi dariya har ya dafa bango, ya kira matarsa ta zo ta gani, sannan ya juye tiren gaba ɗaya a leda ya ce miyar wata guda ta samu, sukarin ma zai kankare. A madadinsu ya ba ni biskit ɗin kanti guda shida.

Kano na gaban Washington da awa shida a wannan lokaci, don haka sai da asuba na sami uwargida a WhatsApp, ana ta guɗa a bayanta. Na fara da labarin masu lemon tsami, na daɗe a kai. Ta saurara, sannan ta ce maƙwabciya ta riga ta turo mata saƙo. Daddawar, in ji ta, ta sayo ta a shagon 'yan Afirka a Hyattsville, ta kirɓa da attaruhu da albasa, ta mulmula ta haka don ta riƙa yankar ta tukunya ɗaya-ɗaya, kuma ta rubuta suna a jikin kowace takarda. Na ce tawadar ta goge da raɓar firiza, wannan kuma sai a tuhumi mai biro. Ta yi shiru na ɗan lokaci.

"To Baban yara, in daddawar ka gasa, ina cakulan ɗin? Kuma da me ka kaɗa wa yarana miyar kuka?"

'Yar autata, wadda na ɗauka barci take, ta ɗago kai daga kan kujera ta ce, "Umma, har ƙari ya yi."