Gonar Kawu da Ƙafar Dogo

Talatar nan aka kira ni Kwandiko in yi shaida, tunda ni ne ɗan bokon gidan. Kawuna zai sayar wa wasu masu yanka fuloti daga Kano gonarsa ta bakin titi. Mai saye ɗaya, mai sayarwa ɗaya, dillalai tara. Na ƙirga su. Na taran aikinsa kawai ya nuna wa direba kwana, kuma yana nan tsugune yana jiran la'ada.

Babban dillalin baki biyu gare shi. A kunnen Kawu, gonar fako ce, ko gero sai an lallashe shi yake fitowa. A kunnen Alhajin Kano kuwa, nan da shekara biyu Kwandiko za ta zama Dutse: "Ranka ya daɗe, wa ya san darajar fili a can kafin 1991? Da jami'ar tarayya ta zo a 2011 kuma fa?" Duk wannan a inuwar ɗorawa ɗaya, tsakanin kunnuwan biyu bai fi kamu huɗu ba.

Aka yi tayi, Kawu ya ce albarka. Aka ƙara, albarka. Daga ƙarshe aka daidaita a kan kuɗin fuloti ɗaya, ƙafa hamsin da ɗari, saura a auna a ga fuloti nawa gonar za ta ba da. Sai aka ce an manta tef. Kamfani guda, da mota mai sanyi da ƙaton allon talla, amma ba tef! "Ba komai Baba, a auna da taku."

Nan aka buɗe bayan mota, wani yaro ya fara fitowa. Na ce ya fara, don ya ɗau lokaci kafin ya gama. Raƙumin dawa ne aka sa wa shadda. Taku uku ya wuce rijiya, na bakwai ya tsallake iyakar gamba ya faɗa gyaɗar maƙwabci. Gonar da kakanmu yake kwana huɗu yana nomewa da gayya, yaron nan ya ƙare ta kafin Kawu ya gama ɓare goro. Da za a sake shi, kafin la'asar ya auna Gwaram ya dawo ya ce fuloti shida ce. Ina zargin ba a ba shi albashi, ƙafar kawai ake yi wa sabis.

Dariya ta ɗauke mini da na tambayi ina gwaggonnina biyu, masu gado a gonar. Aka ce suna gida, an gaya musu. An gaya musu! Kamar sanarwar suna. Takardar cinikin kuma fallen littafin makaranta ce, da gurbin hatimin mai unguwa. Dokar filaye ta 1978 ta ce ƙasa amana ce a hannun gwamna, amma a ƙarƙashin ɗorawar nan ba wanda ya san da zamanta. Kuma mun ga ƙarshen irin wannan: a kafa turakun siminti, a tafi, shekara goma ba gini ba hatsi, sai awaki da leda.

Af, ɗorawar. Kawu ya ce ita ba ta cikin ciniki, ta mahaifiyarsa ce, kalwarta ake daddawar gidan da ita. Alhaji ya tambaya ko inuwarta ma ba ta ciki. Awa guda aka yi a kan inuwa, wadda da safe take fulotin yamma, da yamma ta koma na gabas. Wani dillali ya nemi la'adarta daban.

Aka ɗage zama sai mako mai zuwa, bisa sharaɗin Kawu ne zai kawo mai taku. "Ɗan nan, samo mini mutum mafi gajarta a ƙasar Gwaram," in ji shi. Kafin in amsa, dillalai tara sun juyo suna duban ƙafafuna.