Zuwa ga Malam ungetc, Mai Karɓar Bayit Ɗaya

Ranka ya daɗe,

Ina fatan kana lafiya a cikin stdio.h, gidan da ka tare tun ƙarshen shekarun 1970, lokacin da yaren C na Dennis Ritchie yake tashen ƙuruciya. Ni ne mai kula da manhajar wani sito a nan Trans-Amadi, Fatakwal, inda tireloli ke sauke wake da albasa daga Arewa. Daren jiya ka hana ni barci.

Aikinka ba wuya. Manhaja tana karanta fayil harafi bayan harafi, ta ɗauko wani, ta ga ba lokacinsa ba ne, sai ta miƙa maka ka mayar da shi bakin layi. Shi ke nan. To jiya motar Ƙaura Namoda ta fito a takardar biya da wani baƙin tambari a gaban "aura", akawu ya ce bai san garin ba, direba ya kwana a bakin ƙofa yana kirana, janareta na shan dizal.

Na buɗe ƙa'idar C ta 1989, na ga inda ka fake. Bayit ɗaya tak ka yi alkawarin karɓa. Na biyu kuma sai yadda hali ya yi. A kwamfutata mai Linux kana haɗiye biyu, uku, goma, kana murmushi. A tsohuwar kwamfutar ofis ka karɓi ɗaya, ka watsar da ɗaya.

Kai, wa ya gaya maka kowane harafi bayit ɗaya ne? Turawa ka tambaya? A tsarin UTF-8, Ƙ bayit biyu ne, C6 da 98. Ɗ ma biyu ne, C6 da 8A. Da abu ɗaya suke farawa, don haka babu yadda za a yi a bambance Ƙaura da Ɗanbatta sai an leƙa na biyun. An leƙa, an dawo maka da su daga na ƙarshe zuwa na farko yadda kake so, ka riƙe 98, ka yar da C6. Rabin harafi! Kamar tela ya maido wa mutum wando ƙafa ɗaya, ya ce ai ya cika alkawari. Alamar Naira kuwa bayit uku ce, ban ma kai ga kawo maka ƙararta ba.

Na san abin da za ka ce: ai ka mayar da EOF, alamar ka ƙi. Haka ne, ka raɗa, kuma wanda ya rubuta manhajar kafin zuwana bai saurara ba. Amma wane irin ƙin karɓa ne wannan, ba ihu ba tsayawa, aiki na ta tafiya kamar lafiya lau?

Sauran halayenka ma na sani. Da zarar an kira fseek ko rewind, ka manta da ajiyar da aka ba ka. In aka tambayi ftell inda muke a fayil ɗin rubutu alhali kana riƙe da harafi, ƙa'ida ta ce amsar ba tabbas. Ƙanenka ungetwc, mai faffaɗan haruffa, shi ma ɗaya ya yi alkawari, amma aƙalla cikakke ne.

Ko Kernighan da Ritchie, a littafinsu na 1978, sun nuna wa ɗalibai yadda za su gina tasu ma'ajiyar da getch da ungetch. Hanyarsu na bi kafin asuba: ma'ajiya tawa, duk karatu ta cikinta yake bi, in ta cika ta tsayar da aiki ta faɗi dalili. Na goge sunanka daga manhajar. Kuɗin kwanan direba da na dizal kuma, ka faɗa mini inda zan aika takardar.

Naka cikin ladabin da ya rage,
Mai kula da manhaja, Trans-Amadi